Ruwan Kogi Da Ruwan Tulu: Magana A Kan Kallon Talabijin Ba Biya



Akwai wata mas'ala da ta shiga gidaje da yawa a Unguwar Sarki ta Kaduna, tun daga kewayen masallacin Sultan Bello har maƙwabtanta irin su Unguwar Rimi da Malali da Badarawa. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje zai ga faranti na ƙarfe, wanda a ke kira dish, an kafa shi yana fuskantar sama. Waɗansu masu farantin nan suna biyan kuɗi kowane wata, waɗansu kuwa tun ran da suka biya mai saiti ladansa ba su sake ba kowa ko kwabo ba, ga shi kuwa suna kallon tashoshi barkatai. To, shin abin da waɗannan na biyun su ke yi halal ne, ko kuwa cin haƙƙin wani ne?

Mutane sun rabu biyu a kan wannan, kuma kowane ɓangare ya zarce iyaka. Mai tsantseni ya ce duk kallon da ba a biya ba sata ne, har ya hana iyalinsa jin labarin duniya da karatun malamai. Mai ganganci ya ce duk abin da ya zo ta iska na kowa ne, har ya sayi na'urar da ke fasa kullin mutane yana murna. Abin da mu ke gani shi ne, tashar da mai ita ya bar ta a buɗe ruwan kogi ce, kowa ya ɗiba ba laifi. Tashar da mai ita ya kulle ruwan tulu ce, ba a sha sai da yardarsa. Ɓarnar da a ke yi duka daga rashin rarrabe waɗannan biyu ta ke fitowa, kuma mafi yawan alhakin yana wuyan mai sayarwa wanda ya san bambancin ya ɓoye.

Ku sani, jama'a, biya da rashin biya duka tsofaffi ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai wani akwatin magana da a ke jawo wa waya daga tasha har cikin ɗakin mutum, yana biyan haya lokaci lokaci, in ya daina biya a yanke. An fara shi a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944, daga baya ya bazu zuwa waɗansu garuruwan Arewa. Wanda kuwa ya sayi rediyo mai kama iska da kansa, wannan ba ruwansa da mai waya. Da talabijin ta zo, a Ibadan aka fara ta a 1959, sa'an nan gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe tata a nan Kaduna a watan Maris 1962. A 1977 aka tattara gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin hukumar NTA. Duk tsawon wannan zamani eriya kawai mutum zai ɗaura a kan gora ko bututu ya kalla, ba kulli, ba kati.

A 1992 gwamnati ta kafa hukumar NBC mai ba da lasin, ta yarda wa 'yan kasuwa su buɗe gidajen watsa labari. Daga nan DITV ta fara aiki a Kaduna a 1994, kamfanin ABG na Alhaji Bawa Garba ya shahara da kawo wa masu biya tashoshin ƙasashen waje, DStv ta shigo, StarTimes ta biyo a 2010, GOtv a 2011. Tun daga lokacin nan hanya ta rabu biyu sosai, ga ta kyauta ga ta biya, amma su biyun ta sama ɗaya su ke saukowa, shi ya sa ido ba ya rarrabe su.

Ga yadda abin ya ke aiki, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san surarsa ba. Akwai taurarin ɗan'adam da aka harba sama, nisansu kusan kilomita 36,000, watau wajen mil 22,000, a saitin tsakiyar duniya. Suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa mu ke ganin kamar a tsaye su ke wuri ɗaya, shi ya sa kuma in an saita faranti sau ɗaya ba a sake taɓa shi sai iska ta karkatar da shi. Gidan talabijin ya kan aika da shirinsa zuwa tauraron, tauraron ya watso shi ƙasa kamar yayyafi a kan ƙasashe da yawa. Farantin ya tara abin da ya sauko ya mai da shi kan 'yar na'urar da ke tsaye a gabansa, waya ta ɗauko zuwa dikoda, dikoda ta mai da shi hoto da murya. Masu saiti na garinmu sun san inda za su juya faranti su kamo Nilesat na Masar da Arabsat na ƙasashen Larabawa da waɗansunsu, Nijeriya ma tana da nata, NigComSat-1R, wanda aka harba a watan Disamba 2011.

To, a cikin abin da ke saukowa akwai iri biyu. Na farko an aiko shi sarai, kowace dikoda za ta karanta shi. Na biyu an hargitsa shi da gangan tun daga tushe, ba ya komawa daidai sai da mabuɗi, mabuɗin kuwa lambobi ne da a ke sauyawa bayan 'yan sakan kaɗan, ba mai samunsa sai wanda ke da kati ko dikodar kamfanin kuma ya biya kuɗin wata. Wannan shi ne kulli.

Mu fara da buɗaɗɗen. Wani zai ce, in ba na biya, wa ke biya, tun da an ce banza ba ta kai zomo kasuwa? Gaskiya ne, akwai mai biya, amma ba kai ba ne. Waɗansu tashoshin gwamnatoci ne ke riƙe da su da kuɗin baitulmali, kamar NTA da gidan talabijin na Jihar Kaduna, da tashoshin nan biyu na Saudiyya masu nuna masallacin Makka da na Madina dare da rana. Waɗansu da kuɗin talla su ke rayuwa, kamar Arewa24 wadda ta fara watsa shiri da Hausa a 2014. Mai sabulu da mai shayi su ke biyanta domin a nuna hajarsu, kuma gwargwadon yawan masu kallo gwargwadon abin da za ta caje su. Waɗansu kuwa ƙungiyoyin addini da masu hali ne ke ɗaukar nauyinsu domin wa'azi da karantarwa. Duk waɗannan so su ke a kalle su. In ka kafa farantinka ka kamo su ba ka rage musu kome ba, ƙara musu kasuwa ka yi.

Saboda haka hukuncin wannan a fili ya ke. Malamai sun sani a babin mallaka cewa ruwan kogi da ciyawar daji da itacen jeji mubahi ne, na wanda ya riga ne. Kogin Kaduna ga shi nan kudu da mu, ba wanda ya taɓa neman izinin wani kafin ya ɗebi guga. Balle abin da mai shi ya shimfiɗa da kansa yana kira a zo a ɗauka, kamar randar da a ke ajiyewa a ƙofar gida domin masu wucewa. Wanda ya sayi faranti da dikoda da kuɗinsa na halal, ya biya mai saiti, ya kalli abin da aka bari a buɗe, ba ya bin kowa bashi ba a binsa. Kada wani ya sa masa waswasi, kada kuma wani dillalin kamfani ya tsorata shi da cewa doka za ta kama shi. Ga magidanci mai ƙaramin ƙarfi wannan rahama ce babba, gama sau ɗaya zai kashe kuɗi, iyalinsa su ji labarin ƙasa da harshensu, su ga ɗawafi, su saurari tafsiri da azumi.

Amma fa da zarar mai ga-ruwa ya ɗebi ruwan nan na kogi ya zuba a garwarsa ya turo kura cikin rana, ruwan ya zama dukiyarsa, wanda ya sha ba izini ya ci haƙƙinsa. Haka kullalliyar tasha ta ke. Kamfanin ya sayi izinin nuna wasan ƙwallo na Ingila da na Sifen da finafinai da kuɗi masu yawa, ya yi hayar wuri a tauraro, ya biya ma'aikata, sa'an nan ya sa kulli ya ce ga farashi. Tsakaninsa da mai kallo ijara ce, ka biya wata a buɗe maka wata.

Yadda a ke fasa kullin nan kuwa ba wata karama ba ce. Wani mutum, a nan ko a wata ƙasa, ya kan biya kati ɗaya na gaskiya, ya haɗa shi da kwamfuta, duk sa'ad da katin ya fitar da mabuɗi sai kwamfutar ta rarraba shi ta intanet ga dubban dikodoji da aka yi wa dabara. Shi ya sa irin wannan dikoda ta ke bukatar layin waya ko 'yar na'urar da su ke kira dongul, shi ya sa kuma a kan ce ka sayi wata lamba da a ke sabuntawa bayan watanni. Wanda ya shiga wannan bai tsira daga biya ba, ya dai sauya wanda ya ke biya, ya bar mai kaya ya koma biyan wanda ya kwafi mabuɗin mai kaya.

Akwai hujja biyu da a kan kawo, kuma ya kamata a saurare su da adalci. Ta farko, a ce abin nan a kan rufina ya sauko ba da gayyata ba, abin da ya faɗo gidana kuwa nawa ne. To, lalle ya sauko a rufinka, kuma ba wanda ya hana ka tara shi; tara shi ka gani, ba za ka samu kome ba sai baƙin allo da rubutu mai cewa an kulle. Abin da ka ke nema ba a rufinka ya sauko ba, mabuɗin ne, shi kuwa daga katin wani aka zaro shi ba da yardar mai shi ba. In fatake suka sauke akwati kullalle a zaurenka, zaman akwatin a gidanka bai halatta maka ka je wurin maƙeri ya ƙera maka mabuɗinsa ba. Kulli shi ne harshen da mai kaya ya ke faɗin ban yarda ba da shi, malamai kuwa sun san matsayin abin da aka ajiye a ma'ajinsa. Maganar haddi ta alƙalai ce, ba mu shiga; abin da mu ke cewa shi ne dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko mutum ɗaya ne ko kamfani.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce tsada. A ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wannan magana tana da gindi, gama kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv ya ƙara farashi a 2023, ya ƙara a 2024, ya sake ƙarawa a watan Maris 2025, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ja da shi a kan ƙarin na ƙarshe. Mutane kuma sun daɗe suna kukan cewa watan yana ƙarewa ko an sami wutar lantarki ko ba a samu ba. Duk wannan kuka ne na gaskiya, kuma yana da ƙofofinsa: a kai ƙara ga hukuma, a matsa wa wakilai a majalisa, a koma wurin wani kamfani, ko a bar biyan gaba ɗaya a koma buɗaɗɗun tashoshi, wanda shi ne bulalar da ta fi zafi ga kowane ɗan kasuwa. Amma wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zai yarda a ce tun da shaddarsa ta yi tsada, halal ne a fasa shagonsa da dare? Lalura tana halatta abin da rai ya dogara a kansa, wasan ƙwallo kuwa ba wanda ya taɓa mutuwa don rashinsa.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta hana fasa kullin da aka sa domin tsare aikin mutum, ta kuma hana yin fataucin na'urar da aka yi domin wannan aiki. Haka nan wanda ya biya dikoda ɗaya ta gida, sa'an nan ya jawo waya ta kan katanga yana rarraba wa maƙwabta ko shaguna yana karɓar kuɗi, ya sayar da abin da bai mallaka ba, ya kuma yi aikin da sai da lasin a ke yinsa. Mai gidan kallo ma ya binciki sharaɗin da ya sa wa hannu, domin hayar kallon iyali dabam, hayar tara jama'a a karɓi kuɗin ƙofa dabam.

Yanzu ga ku, 'yan kasuwa masu sayar da dikoda da faranti, da ku masu saiti. Ku ne kuka san waya da lamba, mai saye kuwa sau da yawa dattijo ne ko uwar gida da ba su san kome ba sai abin da kuka faɗa musu. Kalmar nan da a ke yawan yi, wai kyauta har abada, ku daina ta, gama ba wanda ya isa ya lamunce ta. In kullalliyar tasha ce aka fasa, ran da kamfanin ya sauya kulli ko aka kama mai rarraba mabuɗi, hoto ya ɗauke ke nan, kuɗin mutum ya bi ruwa, ga garari ga ha'inci a ciniki ɗaya. In ma buɗaɗɗiya ce ta halal, mai ita yana da ikon ya koma wani tauraro, ko ya sauya lamba, ko ya kulle ta gobe, ko kuɗi ya ƙare masa ya rufe. Wannan ya faru har a ƙasashen da suka riga mu. A Amurka, inda talabijin ta kan shiga gidaje ta waya, doka ta daɗe tana hana kamfanonin waya su kulle tashoshin gari na asali, mutane suna kamo su da akwatinsu kai tsaye ba dikoda. Sai a watan Oktoba 2012 hukumar sadarwarsu ta ba kamfanonin izinin kullewa, akwatuna da yawa suka yi duhu. Ashe buɗaɗɗen abu aro ne daga mai shi, mai sayar da dikoda bai mallake shi ba balle ya yi alkawari a kansa.

Abin da ya wajaba a kanku shi ne bayyana aibi, kamar yadda ya wajaba a kan mai sayar da doki ko buhun gero. Ku ce wa mai saye, wannan ƙarfe na sayar maka, ga tashoshin da ke buɗe yau, ban lamunce maka gobe ba, in sun gusa ka kira ni in sake saiti a kan kaza. Ku rubuta a rasit. Wanda ya zo yana neman ta fasa kulli ku gaya masa ko mece ce, ku ce ba ku yi. Ribar da za ta kuɓuce muku a nan kaɗan ce a kan amanar da za ku samu, gama unguwa ƙarama ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kai kuma mai saye, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka ga ana nuna maka wasan da maƙwabcinka ke biyan dubbai a wata domin ya gani, kai kuwa an ce ka kawo ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ka san akwai magana. Ka tambaya, shin tana bukatar layin intanet kafin ta buɗe? Shin akwai lambar da a ke sabuntawa a wurin wani wanda ba kamfanin ba? In amsa i ce, to ruwan tulu ne.

Gwamnati ma tana da nata kaso. A taron Janeba na 2006 ƙasashe suka yi alkawarin barin tsohuwar hanyar watsa talabijin su koma ta dijital kafin 17 ga Yuni 2015, Nijeriya ba ta cika ba. An fara gwaji a Jos a watan Afrilu 2016, Abuja a Disamba 2016, aka ƙaddamar a Kaduna a Disamba 2017, Kano kuwa sai 2021. Aka sa wa shirin suna FreeTV, watau talabijin ta kyauta, aka yi alkawarin tashoshi wajen 30 da 'yar dikoda mai araha, amma tun farko aka ɗora kuɗin shekara Naira 1,000. Kuɗin ba shi da yawa, sai dai abin da aka kira kyauta in an sa masa kulli da kuɗin shekara ya rikita talaka, ya kuma ba mayaudara hanya. Ra'ayinmu shi ne tashar da a ke riƙe da ita da kuɗin jama'a, da duk wadda ke ɗauke da sanarwar gwamnati da labarin zaɓe da gargaɗin annoba, a bar ta a buɗe sarai ta eriya da ta tauraro. Jama'a sun riga sun biya ta da harajinsu, ba daidai ba ne a sake tsayar da su a ƙofa. Gwargwadon yadda kogi ya cika ya yi tsabta, gwargwadon yadda masu leƙen tulun mutane za su ragu.

Ku kuma malamai, Allah ya gafarta muku, ku a ke tambaya bayan sallar Magariba, kuma maganarku ta fi ta kowace hukuma shiga kunne. Kada ku haramta duka don gudun shubuha, ku ƙuntata wa bayin Allah abin da aka yalwata musu. Kada kuma ku halatta duka don mai kayan baƙo ne mai kuɗi. Ku tambayi mai tambaya yadda dikodarsa ta ke aiki kafin ku amsa, in ya cancanta ku kira mai saiti ya yi muku bayani, gama sanin sana'a yana wurin mai ita. Ku kuma tuna wa magidanta cewa halaccin ɗiban ruwa bai sa duk abin da kogi ya kwaso ya zama abin sha ba. A cikin buɗaɗɗun tashoshi akwai na karatu akwai na banza, kowace dikoda kuwa tana da wurin goge tasha ko rufe ta da lambar sirri, wannan kulli ne da ke hannun mai gida, shi za a tambaya a kansa.

Allah ya ciyar da mu halal, ya sa albarka a kasuwancinmu da karatunmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani ko da ba ya ganinmu, amin. Haza wassalam.